Hoton Idwal a Kan Tsani

Idwal Prydderch ya ɗaga hoton, zauren taron garin Caernarfon ya kaure da tafi. Ga shi yana saurayi a kan tsani, buroshi a hannu, gaban allon hanya da aka shafe Turancinsa da koren fenti don kishin harshensu na Welsh. Hoton nan ya ci masa zaɓe huɗu, saura na jibi.

Don ƙarin armashi, ya miƙa wa tsohuwarsa makirufo.

"Mam, gaya musu wane ne ɗanki."

"Yaron kirki," in ji ta, tana share ƙwalla. "'Yan iskan nan su ɓata alluna, shi kuwa ya bi yana wankewa. Har maigidansa ɗan Ingila ya ƙara masa girma."