Kazar Abban Hana

"Biyu kamar kullum, Sha'aban?" in ji mai gidan abincin 'yan Filifin na unguwar Small Heath, tana yi wa mijina murmushi.

Ni dai ban taɓa taka wurin ba sai yau.

"Abban Hana, da wa kake zuwa nan?"

Ya sunkuyar da kai, yana gumi.

"Wace ce? Wallahi sai ka faɗa!"

Aka kawo gasasshiyar kaza. Na yagi cinya a fusace, na kai baki, sai na tsaya cak.

Ita ce kazar da yake cewa da hannunsa yake gasa mana duk Juma'a, wadda nake cika wa ƙawayena baki da ita.

Ashe a nan yake sayo mana ita, ni ce ta biyun.