Faɗa Da Turanci

A makarantar sakandaren da Madam Neema Mwaipopo take koyarwa, can bayan garin Tukuyu, doka ɗaya ce kowa ya haddace: daga ƙofar shiga, ba Swahili, ba yaren gida, sai Turanci. Wanda ya yi tuntuɓen baki a rataya masa katako a wuya, kuma duk wanda aka tashi daga makaranta yana ɗauke da shi, bulala ce rabonsa.

Madam Neema ba muguwa ba ce. Da wannan dokar aka raine ta, kuma ta yi imani ita ta kai ta inda take. Ga shi shugaban makaranta ya ja mata kunne a gaban sauran malamai, cewa ajinta ne ya zo na ƙarshe a jarrabawar gunduma. Don haka ranar ta shiga aji ɗaya da ɗaurarriyar fuska.

An kwana ana ruwa, sanyi na shigowa ta tagogin da ba gilashi. Ta sa a goge allo, ƙurar alli ta tashi, ta fara karanta musu wata waƙa, suna maimaitawa ba tare da sun san me take nufi ba.

A layin baya wata yarinya ta ɗaga hannu. Atuganile ce, wadda ta fito daga firamaren ƙauye inda komai da Swahili ake yi. Tun da ta zo ba a taɓa jin ta yi jimla biyu a jere ba.

"Madam, don Allah ƙirjina..." ta fara da Swahili.

"Faɗa da Turanci."

Yarinyar ta miƙe, ta dafa tebur. Leɓɓanta na motsi tana laluben kalmomi. Da ƙyar ta haɗa wasu: wai ƙirjinta yana rufe ƙofa.

Aji ya kwashe da dariya. Gwamaka, sarkin tsokana, ya ce da nasa gurgun Turancin, "To ki ba shi makulli mana, Baturiyar ƙauye."

Madam Neema ta buga tebur. "Zauna. In kin shirya jimlarki daidai, sai ki ɗaga hannu."

Atuganile ta zauna, ta kifa kai. Ƙawarta Tumpale ta san tana da ciwon asma, ta san maganinta na shaƙawa yana cikin akwati a ɗakin kwanan ɗalibai. Ta buɗe baki, ta dubi katakon da ke wuyan yaron gabanta, ta tuna bulalar jiya. Ita ma ba ta san yadda ake faɗinsa da Turanci ba. Sai ta shiga shafa bayan ƙawarta.

Madam Neema tana jin wani sauti kamar fito daga baya. Ta ɗauka iskanci ne. Ta ƙara ɗaga murya ta ci gaba da baiti na gaba.

Sai da kujera ta kife sannan ta juya. Atuganile na ƙasa, idanu sun firfito, leɓe ya yi toka.

"Asma ce da ita, Madam, maganinta na ɗaki," Tumpale ta faɗa da Swahili tana kuka. "Tun ɗazu shi take son gaya miki."

Aka ruga ɗakin kwana, a kulle. Matar da ke riƙe da makulli ta fita kasuwa. Kafin a ɓalle ƙofa a ɗauko maganin, a samo babur, jikin yarinyar ya saki. Madam Neema ce ta rungume ta a bayan babur, taɓo na fallatsa, tana yi mata magana da Swahili, da yaren gida, tana roƙonta ta ja numfashi. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba.

A asibiti likita ya duba, ya girgiza kai.

Uwar ta iso daga gonar ayaba, ƙafafunta duk laka. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a benci kusa da malamar, ta riƙe hannunta.

"An ce ke ce kika ɗauko ta, Allah ya saka. A wurinki take har ƙarshe. Gaya mini, me ta ce? Ta kira ni?"

Madam Neema ta buɗe baki. "Maman Atuganile..." Daga nan ta kasa. Ba ta ji ƙarshen abin da yarinyar ta so faɗa ba, domin ita ce ta hana ta ƙarasawa.

Malamai da iyaye, koyon Turanci abu ne mai kyau, amma ba a koyar da harshe da tsoro. Yaron da aka hana magana da yaren da ya iya, an hana shi neman ceto. Ku fara sauraron abin da yake faɗa, gyaran jimla ya biyo baya.