Aska da Faifan Zaki

Ranar da faifan Zaki ya cika wata uku yana kan gaba a kasuwa, Aska ya zauna a teburinsa na kusa da injin kwafi, ya kurɓi ruwan ɗumi, ya fara rubuta sharhi na huɗu a kansa.

Aska ake ce masa a gidan jaridar, don duk mawaƙin da ya faɗa hannunsa sai ya fita da ƙwal kwabo. Gajere ne, mai sanƙo, ba ya ɗaga murya ko da gobara ake yi.

"Wai kiɗan rege ne," ya rubuta. "An tsarma shi da ruwa har ya koma abin lallashin jarirai. Mai ganga yana bugu kamar yana tsoron tada maƙwabta. Baitocin kuwa, duk wanda ya taɓa karanta rubutun bayan babbar mota ya riga ya haddace su."

Edita ya leƙo ta kafaɗarsa. "Malam Aska, ka ji tsoron Allah. 'Yata da waƙar nan take tashi, da ita take wanke-wanke."

"Allah Ya ba ta lafiya," in ji Aska.

Edita ya buga sharhin a shafin farko, don ya lura duk ranar da aka zagi Zaki jaridar ba ta kwantai.

Faifan kuwa ko a jikinsa. Shagon aski, motar haya, wayar mai gadi, ko'ina shi ne. Sauran masu sharhi suka bi iska. Suka yarda cewa waƙoƙin ba su da nauyi, amma suka ce irin wannan murya sai an shekara ashirin ba a ji ba. Aska ya bar su da yabonsu. Ya koma kan hoton bangon faifan, da takalman Zaki, da tulin gashin da ya rantse ana cirewa a rataye a ƙusa.

Da kamfanin da ya fitar da faifan ya shirya bikin karrama Zaki, har da Aska aka gayyata. Ya zauna can baya a zauren otal ɗin da rana tsaka, ya ture kwalbar lemo mai sanyi gefe. Zaki ya hau dandamali cikin baƙin tabarau, ya rungume makirfo, ya lumshe ido kamar mai ciwon haƙori. A baiti na biyu leɓensa ya riga waƙar isa. Babu wanda ya kula. Mata suna share hawaye, manyan baƙi suna kaɗa kai ba bisa kiɗa ba. Aska ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ji da za a ɗora akuya a sa mata tabarau, haka za su tafa.

Bai jira a gama rabon kyauta ba. Ya fito ya bi dogon barandan da ke bayan zauren.

Can ya ji taku a bayansa. Zaki ne, shi kaɗai, da kofin zinariya a hannu. Ya waiga hagu da dama, sannan ya cire tabarau.

"Yaya, na karanta na jiya. Har da gashina?"

"Ƙarya na yi?"

"Ni ban ce ba. Ka yi ta zagi, ciniki kake ja mana." Ya matso, ya rage murya. "Ogan kamfani ya ce ranar Litinin za ka shiga ɗaukar faifai na biyu, ta ƙofar baya kamar wancan karon. Don Allah ka kula da maƙogwaronka, kar ka je ka disashe mini murya."