Tayil Mai Kalar Miyar Kuka

"Yaya, ke ce mai ido. Zaɓar mini ɗaya," in ji Hanatu, tana nuna tayil ɗin da aka jera a wani shago a Gusau.

Hassada ta kama Uwani. Shekara goma sha biyu tana sharar fasasshen siminti a Bunguɗu, yau ƙanwar da ta goya ce za ta taka tayil. Ga wani fari tas, har fuskarta take gani a ciki. Ta kau da kai, ta dangwala yatsa kan wani mai kama da an kifar da miyar kuka.

"Wannan ake yayi."

"Kin tabbata, Yaya?"

"Ni zan cuce ki?"

Ranar Asabar Uwani na tankaɗe a tsakar gida, tana murmushi ita kaɗai, sai ga sallamar Hanatu, leburori biye da ita ɗauke da kwalaye.

"Ga ɗakin can, ku fara," in ji Hanatu. "Yaya, naki ne. Shi ya sa na ce ki zaɓa da kanki."