Ranar da Don Fulgencio Ya Yi Sabon Aboki

Ranar da aka gama roron zaitun, ana tsakiyar cin abinci, Don Fulgencio mai gonar ya aika a kira masa Nemesio.

Nemesio ya taso yana ɗingishi. Ya tsufa yana shugabantar leburorin gonar nan, amma tun da gwiwa ta fara ba shi wahala bara, bai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Gidan da suke ciki shi da matarsa Asunción na gona ne. In aiki ya tafi, gidan ma ya tafi, kuma ba su da wani wurin zuwa.

Sai ga maigida da kansa ya jawo masa kujera, ya zuba masa kofi, har ya karɓi tarin makullan da ke ƙugunsa ya ajiye gefe don ya ji daɗin zama. Sannan ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce, "Daga yau ka daina girmama ni da usted, kalmar da yaro ke kiran ubangidansa da ita. Ka riƙa ce min tú, kamar yadda aboki ke ce wa aboki."

Leburori suka kalli juna. Maigidan nan fa mutum ne da ya taɓa korar direbansa don bakinsa ya suɓuce ya ce masa tú. Nemesio ya gwada kalmar, harshensa ya yi nauyi, ya sake gwadawa, sai hawaye. Bawan Allah, daɗi ya kusa kashe shi.

Leburori suka raka shi gida da tsokana, har da laƙaba masa Don irin na manya. "Sannu Don Nemesio, a dai riƙa tunawa da mu talakawa."

Asunción ta saurari labarin har ƙarshe, ba ta yi murmushi ba. Ta tambaye shi ina makullansa. Ya yi mata dariya, ya ce tsakanin abokai wa ke bin sawun makulli.

Da safe ya sa rigarsa ta zuwa coci ya fita aiki. Ya tarar da wani baƙon ƙato yana buɗe rumbun man zaitun da makullansa na jiya. Ya wuce wurin maigida kai tsaye, ƙirji a gaba, ya kira shi da sunansa tsirara.

"Fulgencio, wane ne wancan a rumbuna?"

Don Fulgencio bai ko ɗago kai daga jarida ba.

"Wanda zai tare a gidanku ranar Lahadi ne, abokina. Ka taɓa jin mai yi min aiki ya ce min tú?"