Tarin Sambo

Tun da aka rufe layukan waya, ta wani tsohon tauraron ɗan'adam na masu sha'awar rediyo Lantana ke jin mijinta Sambo, da ke jinya a Agadas. Da hantsi ta hau soron Malam Ilu mai rediyo, ta kasa zama har tauraron ya iso saitin garinsu.

"Lantana, ina samun sauƙi," in ji muryar Sambo. Ya yi tari, sai shiru.

Ta juya ga Malam Ilu. "Malam, haka ya ce makon jiya. Har tarin iri ɗaya ne."

Malam Ilu ya sunkuyar da kai. "Batirin tauraron ya tsufa, 'yata. In wuta ta yi masa ƙasa, tsohon saƙo yake maimaitawa."

"Tun yaushe?"

Malam Ilu ya kashe rediyon. Ta sauko ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta nufi tashar motar Agadas.