Takardar Malamin Daji

Da la'asar muna ban ruwan albasa a fadamar Kalmalo, ni da Baba, sai ga malamin daji a kan babur. Sallama ya zo yi, don gwamnati ta mai da shi Abuja, garin da ake ginawa a lokacin. Ya shimfiɗa wata takarda a ƙasa, ya danne ta da hogen ƙasa. Garin ne aka zana, da hanyoyinsa da korayen filaye.

"Kowane icce an san wurinsa tun ba a dasa shi ba," in ji shi. Ya dube ni, ya dubi Baba. "Malam Bawa, ba ni yaron ga in sa shi boko. Ya san ƙasa, ya san ruwa. Irin aikina zai yi."

Baba bai ko ɗago kai ba. "In ya tafi, wa ka ja min ruwa?"

Malamin ya naɗe takardarsa ya hau babur.

Sai da na yi furfura na ga Abuja, ina tura baron albasa. Ma'aikatan muhalli suka ƙwace baron, suka miƙo mini wata takarda. Na yini ina neman wanda zai karanta mini ita.